Zanen Gawayi a Kan Dabinon Yakubu

Ni da bakina na ce su yanko masu taushi. Gara in faɗi wannan tun da wuri, don na sha ɗora wa Victor laifin a gaban jama'a, kuma har yau bawan Allah bai taɓa musawa ba.

Dabinon yana tsakar gidanmu a Gyadi-Gyadi, jikin katangar da ta raba mu da Hajiya Asma'u, mai gidan da muke haya shekara ashirin da takwas ke nan. Mijina Yakubu ne ya dasa shi, shekarar da muka haifi Ruth. Lokacin yana aikin lambu a wata ma'aikatar gwamnati, ni kuma ina koyarwa a firamare. Ya shigo da shi cikin tsohon gwangwanin fenti, ganye uku kacal, yana lallaɓa shi a bayan keke. Na tambaye shi yaushe za mu fara cin 'ya'yan, ya ce ai wannan ba na ci ba ne, na ado ne. Na ce madalla, ga bakin ciyarwa ya ƙaru a gidan. 'Ya'yan da ya yi daga baya duk ƙwallo ne, ko akuya sai ta yi shawara kafin ta tauna.

Amma kyau kam, Allah ya ba shi. Ya girma a hankali har ya wuce rufin gidan, gindinsa sai mutum biyu sun haɗa hannu kafin su zagaye shi, rassansa sun baje sun rufe tsakar gidan da rabin na Hajiya. Masu adaidaita sahu ba su san lambar gidanmu ba, gidan mai dabino suka sani. Masu kuɗi sun sha aiko a tambaya ko za a sayar a tone musu shi. Yakubu sai ya yi dariya ya ba ɗan aiken ruwa.

Yana da doka a kan bishiyar nan, kuma ba ya wasa da ita. Reshen da ya sunkuya ƙasa shi ake yanka, wanda ke kallon sama ba a taɓa shi. Kowace shekara, ranar Asabar ɗin da ke gaban Lahadin Dabino, wadda muke riƙe ganyen dabino a wurin ibada, shi da kansa zai wanke zartonsa, ya hau tsani, ya sauko da tsofaffin rassa na ƙasa ya kai majami'a. Kowace shekara kuma matan zumunta sai sun yi mita. Ganyen ya yi tauri, ya yi duhu, yana yanka hannu. A gida Zonkwa, sabon tohon tsakiyar kwakwa muke yankowa, mai taushi, ruwan ɗorawa, wanda yake lanƙwasuwa ka saƙa gicciye da shi cikin sauƙi. Ni ma ina cikin masu mitar, har na fi su baki don ni ce ke da mijin. Bai taɓa yi min dogon bayani ba. Yakubu ba mai yawan magana ba ne tun yana da ita.

A watan Nuwamba ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi. Kalma ɗaya tak ta rage masa, ita ce "to". Da ita yake gaisuwa, da ita yake neman ruwa, da ita yake faɗa. Kullum da safe nakan zaunar da shi a kujera bakin ƙofar ɗaki, yana fuskantar dabinonsa, har rana ta kore shi.

Asabar ɗin da abin ya faru muna asibiti, muna layin gashin ƙashi. Victor, dattijo ne a majami'armu kuma ɗan garinsu Yakubu, ya kira ni a waya. Ya ce bana tunda Baban Ruth ba lafiya, zai zo da mutum su yanka, wanne za su yanka? Na ce mabuɗi yana wurin Hajiya.

"Ku yanko masu taushin nan na tsakiya," na ce. "Bana dai a bar mata su samu irin na gida."

Yakubu ya kama gefen zanena da hannun hagu yana ja, yana cewa to, to, to. Na ɓamɓare hannun na ce ya yi haƙuri, an kusa kiranmu.

Lauje suka ɗaura a bakin gora suka zura tsakiyar bishiyar suka yi ta fizga. Ranar Lahadi majami'a ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Mata suka yi ta rungume ni, ana cewa yau an tuna da gida. Na dawo ina jin kaina a sama. Na tarar Yakubu bai taɓa abincin da na bar masa ba.

Kwana goma sai wari ya fara saukowa, irin na albasar da ta ruɓe a ƙasan buhu. Sabbin rassa biyu da suka rage a sama suka karye wuya suka rataya. A lokacin na tsaya na yi tunanin abin da ban taɓa tunani ba. A Zonkwa kwakwa ta cika daji. Mu yanka mu tafi, ba mu taɓa komawa mu duba wadda muka yanka ta rayu ko ta mutu ba.

Na ɗauki mayafi na hau adaidaita zuwa Tarauni, wurin Malam Tanko. Yana sayar da furanni da dashe a bakin titi, kuma a hannun Yakubu ya koyi aikin. Azumi ake yi, ga zafin bazara, na same shi a inuwa ya jiƙa tawul ya ɗora a ka. Da na gama bayani ya cire tawul ɗin.

"Na tsakiya? Maman Ruth, na tsakiya fa kika ce?"

"Na tsakiya."

"Innalillahi. Malam Yakubu ya sani?"

"Malam Tanko, ka zo ka duba ko in tafi?"

Washegari da sassafe ya zo, Victor ya kawo dogon tsanin majami'a yana sunkuyar da kai. Tanko ya hau, ya ratsa ƙayoyin gindin rassan, ya zura hannu a tsakiya. Abin da ya zaro ya jefo ƙasa baƙi ne, jiƙe, kuma bai yi gardama ba wajen fitowa. Da ya sauko ya ja ni gefe inda Yakubu ba zai ji ba.

Ya ce dabino ba kamar mangwaro ba ne da za ka sare reshe ya fito da goma. Wuri ɗaya yake tsiro, can cikin ƙoƙon kansa. Laujen ya ji masa rauni, ruɓa ta shiga. In ta kai ga wurin nan, bishiya ta mutu, ko da ganyen waje zai zauna kore shekara guda yana yaudarar mutane. In ba ta kai ba, wata rana sabon toho zai leƙo.

"Wanne ne a ciki?" na tambaya.

"Allah kaɗai ya sani. Ni dai in shawara kike so, ina da ƙanana guda huɗu a wurina, ki ɗauki ɗaya kyauta."

"In ya yi shekara ashirin da takwas kuma, wa zai gani? Ni ko Yakubu?"

Tanko ya buɗe jakarsa. Ya ba ni wani shuɗin gari a leda, irin wanda masu tumatir ke fesawa, ya ce a dama a zuba cikin ramin duk bayan kwana bakwai, a kwashe abin da ya ruɓe, sannan a rufe kada ɗigon ruwan sama ya shiga. Shi ba zai iya zarya ba, ga azumi ga rumfa ba mai tsaro. Victor ya yi caraf ya ce shi zai riƙa hawa. Na juya na kalle shi sama da ƙasa, na ce hannunsa ya gama aikinsa a bishiyar nan, ya bar min tsanin ya kama gabansa. Rashin adalci ne, na sani. Amma a lokacin ina neman wanda zan huce a kansa, shi kuma ya tsaya kusa.

Da yamma Hajiya Asma'u ta shigo. Shekarun nan duka ba mu taɓa sa-in-sa ba. Ita ta karɓi haihuwar Ruth kafin mota ta zo, abincin Sallarta da na Kirsimetina a kan katangar nan suke ƙetarawa. Ta gaida Yakubu, ta zauna a tabarma, ta daɗe tana kallon sama.

"Maman Ruth, Tanko ya faɗa min komai. Kin san ɗakin jikokina ne a ƙarƙashinsa. Kin kuma san iskar farkon damina a garin nan, rufin kwano ma ɗauka take yi. In mataccen kan nan ya ɓallo, sai dai wani labarin."

"Bai mutu ba, Hajiya."

"To ki nuna min. Wallahi ba na son a sare shi, a inuwarsa nake tsintar shinkafa. Amma ba zan kwana da fargaba damina guda ba. Asabar ta ƙarshen watan Mayu zan kira masu injin yankan itace. In kin ga rai kafin nan, magana ta ƙare."

Ban ji haushinta ba, don ko ni ce haka zan yi. Tsoro na ji. Na san in aka kwantar da bishiyar nan a gaban Yakubu, ba abin da zai sake sa shi ya yarda a fito da shi ƙofar ɗaki.

Shekarata hamsin da tara, gwiwata ta hagu tana ƙara in na durƙusa. Na zura tsohon wandon aikin Yakubu a ƙarƙashin zane, na ɗaure tsanin da igiyar shanya, na rataya galan a wuya na hau. Taka na goma sha huɗu ne ƙarshe, na ƙirga su har na haddace. A sama akwai ƙayoyi masu tsawon yatsa, a jere a gindin kowane reshe. Ranar farko ɗaya ta shige min tsintsiyar hannu, hannun ya kumbura kwana huɗu ban iya tuƙa tuwo ba. Na kwashe ruɓar da ludayin miya, na zuba maganin, na kife tsohon darona na wanki a kai, na ɗaure shi da waya.

Unguwa ta samu abin magana. Aka ce dabinon Malama ya sa hula. Masu shago suka riƙa fitowa kallon tsohuwa a saman bishiya, wani har ya tambaya ko ina kallon watan Sallah ne. Na ce masa in na gani zan aiko masa. Ruth ta kira daga Jos tana kuka, wai wata ta tura mata hotona.

"Mama, bishiya ce fa. In kin faɗo wa zai kula da Baba?"

"Ba zan faɗo ba."

"Mama!"

"Katinki zai ƙare, ki gaida mijinki."

Ranar da na fara hawa na juya kujerar Yakubu ta kalli ƙofar gida, don kada ya gani. Kafin in sauko ya ja ta da ƙafarsa mai lafiya, kaɗan-kaɗan, ya dawo da ita yadda take, gumi ya jiƙa masa riga. Ban sake juya ta ba. Daga nan duk hawan da zan yi idonsa na kaina, tun daga takan farko har in sauko.

Sallah ta zo ta wuce. Warin ya ragu, sannan ya ɗauke. Ramin ya bushe. Na daina jiran kwana bakwai, kullum da safe sai na hau na ɗaga daron na leƙa, ba komai sai duhu. A sati na shida na hango wani abu can ƙasa, fari-fari, kaurin babban yatsa, bakinsa a ƙone. Na sauko na aika a kira Tanko.

Ya hau ya duba ya daɗe. Da ya sauko sai ya ce shi ba zai yi min ƙarya ba. Yana iya zama sabon toho, yana iya zama guntun tsohon da ya bushe a wurin. Ido ba zai raba ba. In ya ja don ya gwada, kuma mai rai ne, ya kashe shi.

Kwana tara suka rage. Kullum in leƙa, kullum abin nan yana nan yadda na bar shi, ko kuma ni ce ba na gani. Ran nan na sauko na zauna a takan ƙarshe na tsanin, na rasa abin yi. Sai na ji Yakubu yana buga kofinsa a hannun kujera. Na kawo ruwa, ya ture. Na kawo magani, ya ture. Ya nuna kurfoti da haɓa. Na ce ba wuta a ciki. Ya ce "To!" da irin muryar da yake korar awaki daga dashensa a da. Na jawo kurfotin gabansa.

Ya ɗauki gawayi da hannun hagu. Ya kamo hannuna, ya haɗa yatsuna biyu, manuni da na tsakiya, ya daidaita su. Ya ja layi ɗaya baƙi ya ratsa su duka. Ya ɗago ya kalle ni. Sannan ya tura na tsakiyan sama kaɗan, layin ya rabu biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ya nuna bishiyar.

Na koyar da yara shekara talatin da biyar, amma sai da ya yi sau uku kafin na gane. In ja layi a kan abin nan da kuma gindin tsohon reshen da ke jikinsa. Tsohon ba ya motsi. In layin ya goce, sabon yana tafiya.

Ina riƙe da gawayin na ce, "Baban Ruth, akwai abin da ban faɗa maka ba. Ba Victor ba ne. Ni na ce su yanko na tsakiya."

Ya kalle ni. Ya miƙa hannu ya kama gefen zanena ya ja, sau uku, daidai yadda ya yi a layin asibiti. Sai a lokacin na tuna yana zaune a gefena na yi wayar. Ya ji komai, ya yi iya ƙoƙarinsa ya hana ni, ni kuma na ɓamɓare masa hannu na ce ya yi haƙuri. Wata biyu yana ɗauke da wannan ba bakin faɗa. Na kifa kaina a gwiwarsa na yi kukan da ban yi ba ko ranar da ya faɗi. Ya bar ni na yi, sannan ya ƙwanƙwasa min kai da ɗan yatsa ya nuna tsani.

Na hau na ja layin. Washegari yana nan a miƙe. Rana ta biyu haka, ta uku haka. Ranar Talata da la'asar gabas ta yi baƙi, iska ta taso ta yi ta kaɗa rassan, ta tsinke wayar, daron ya tashi ya faɗa tsakar gidan Hajiya da ƙara. Ruwan bai fi yayyafi ba, amma ban jira ya tsaya ba. Na hau da tsumma na tsane ramin. Layin ya wanke. Hajiya da kanta ta miƙo min daron ta kan katanga, ya lotsa a gefe, fuskarta ba walwala.

"Kin gani ko, Maman Ruth? Daro ne wannan."

"Na gani, Hajiya. Asabar dai kika ce."

Na sake jan layi, wannan karon na danna gawayin sosai. Na yi wa kaina alkawari ba zan ɗaga daron ba sai Asabar, don leƙen kullum yana cinye min zuciya. Na kira Victor na ba shi haƙuri, na faɗa masa gaskiya zan faɗa a gaban matan zumunta. Ya ce ai shi ya riƙe gorar.

Asabar da hantsi masu inji suka zo su biyu, da igiyoyi da jarkar mai. Hajiya ta shigo bayansu, Victor ma ya zo ya tsaya jikin ƙofa. Babban cikinsu ya zagaya bishiyar yana lissafin inda za ta kwanta. Na ce ya dakata. Na ɗaure zane a kan wando na kama tsani.

Taka goma sha huɗu. Na kwance wayar, na ɗaga daron na rataya shi a reshe, na kare rana da tafin hannu na leƙa. Layin da ke jikin tsohon reshe yana inda na ja shi. Na jikin ɗan farin abin nan ya haura sama da shi, kamar faɗin farcen ɗan ƙaramin yatsa. A ƙarƙashin ƙonannen bakin kuma wani kore-kore ya fito, a cukurkuɗe, mummuna, ban taɓa ganin abin da ya kai shi kyau ba.

Ban san yadda na sauko ba. Hajiya tana tambaya, Victor yana tambaya, na wuce su duka. Na durƙusa gaban Yakubu, gwiwar ta yi ƙararta. Na ɗauki hannunsa na dama, wanda ba ya motsi, na haɗa yatsunsa biyu, na ja layi da gawayin da ke ƙulle a bakin zanena. Sannan na tura ɗaya sama.

Ya daɗe yana kallon hannun. Ɓarin bakinsa mai lafiya ya fara rawa, hawaye ya gangaro ta ido ɗaya.

"To," ya ce a hankali.

A bayana na ji Hajiya tana cewa masu injin su haɗa kayansu, su biyo ta su sha kunu kafin su tafi. Babban ya ce ko ya hau ya tabbatar mata? Ta ce ba sai ya hau ba, ta ga abin da take son gani.

Ina nan durƙushe, ina so in ɗan huta a wurin, sai Yakubu ya ja min zane. Ya nuna gabas da haɓa, hadari ya fara haɗowa. Ya nuna saman dabinon, inda darona ke lilo a jikin reshe, ramin a buɗe.

"To!" ya ce.

Na share fuska, na gyara ɗaurin zane, na koma tsani.